Albarkar da Na Riƙe Miki Ranar Lahadi

Old Trafford, Manchester

Zuwa ga 'yata Rahila,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, kin sami kujera kusa da taga, mota ta kama hanya. Ya riƙe hannun direba, ya kawar muku da abin ƙi, ya sauke ku Birmingham da ƙafafunku.

Na cusa ta tsakanin robar yaji da ƙullin daddawa, don na san 'yata: ba za ku gama fita Manchester ba sai kin buɗe jaka neman abin taɓawa. Kuma da gangan na rubuta da Hausa. Da Turanci ne da kin zuƙe ta kamar saƙon waya, ki ninke ki ce kin gane. Da Hausa kuwa dole ki bi ta a hankali, kina motsa leɓe kamar yadda kike yi tun kina ƙarama. Haka nake so.

Kin san abin da ke tsakaninmu. Ranar Lahadi Fasto ya kira ki gaba, ya gaya wa ikilisiya za ki tafi gidan mishan na shekara guda ki yi aiki da yara, ɗaki da abinci kawai za a ba ki. Aka yi miki addu'a, aka tafa. Da aka tashi kika same ni a bakin ƙofa cikin matan zumuntar ikilisiya, kika durƙusa kika ce, "Mama, ki sa mini albarka." Ni kuma na ce, "Tashi, jirgin tiram zai wuce mu." Na ga fuskarki sarai. Da muka isa gida, babanki yana cire takalmi ya ce, "Asabe, kin taɓa ganin tiram ɗin da babu wani a bayansa?" Tun ranar, gaisuwa kaɗai nake samu a wurinsa, ita ma a taƙaice.

Zan zo kan maganar albarkar. Amma uwarki 'yar kasuwa ce, ba na faɗin farashin ƙarshe tun mai saye bai zauna ba. Ki fara jin wasu abubuwa tukuna.

A ƙauyenmu can bayan Kafanchan akwai wata Baturiya 'yar mishan, Mai Keke muke kiranta, don ba mu iya faɗin sunanta ba. Doguwa ce, rana ta ƙona mata wuya, Hausarta kuwa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Kowace Lahadi da yamma tana tara mu a gindin mangwaron makaranta, ta kafa wani allo mai laushi tana manna masa hotuna, tana ba mu labari. Har yau in na ji ƙamshin jan sabulu sai in ga inuwar mangwaron nan, da ƙararrawar kekenta tana tahowa daga gangare. Sabulun kuwa shi ne tarkonta: duk yaron da ya kawo baƙo, za ta yanka masa gutsure.

Ni a lokacin na riga na fara bin kakarki kasuwa da citta, idona ya buɗe. Na kawo 'yar baffana Lami, na karɓi sabulu. Mako na gaba na ɗaura mata wani ɗankwali, na ce sunanta Talatu. Na gaba na rambaɗa mata kwalli, ta zama Laraba. Ta yi Jummai, ta yi Ladi, ta yi Tani. Kowane zuwa Mai Keke za ta sunkuya ta kama hannunta ta ce, "Maraba da baƙuwa," ta miƙo mini sabulu. Ni kuwa ina ganin ba a taɓa haifar mai wayo irina ba. Ranar da Lami ta zama Tani, bayan an watse, sai matar nan ta kira ni gefe inda ba mai ji, ta ce, "Asabe, kwanakin mako sun ƙare. Ranar Lahadi ki kawo ta da sunanta. Sabulu yana nan."

Na yi kunyar da ban taɓa yi ba, amma na dawo, Lami ma ta dawo. Lamin nan ita ce yau take jan waƙa a zumuntar matan garinmu, ni da na kawo ta ma ban kai ta riƙon addini ba. To ki ji. Yaran da za ki samu, yawancinsu biskit ne zai kawo su, da ɗumin ɗaki, wasu kuma iyayensu ne ke neman inda za su ajiye su su numfasa. Kada ki ji haushi. Ba mai shiga rumfa don yana son fuskar mai rumfa. In kin kama yaro da wayonsa, kada ki tona shi a gaban 'yan'uwansa don ki nuna kin fi shi. Kowa ya san kin fi shi, ke babba ce. Ki ja shi gefe, ki bar masa ƙofar da zai dawo ta ciki.

Da muka zo ƙasar nan, babanki ya kama aiki a asibiti, ni na samu a wani sito a Cheetham Hill, inda ake sarin jakunkuna da takalma. Turancina na makarantar 'yanmata ne, mai sitaci, amma ciniki ba ruwansa da yare. Ban daɗe ba mai siton ya fara turo mini duk wanda ya fi taurin kai. Ikilisiyarmu a lokacin a wani zauren haya take taruwa a Hulme, mai warin fentin da ya sha damshi, kujerun roba muna jerawa muna kwashewa. Dattawa suka duba suka ce bakin Asabe ba ya gajiya, a ba ta makarantar Lahadi.

Na koyar da yaran nan yadda na iya sayar da kaya. Ke da aka haifa a nan ba ki san gyara ba: ɗan ƙarin nan ne da mai sayarwa ke ɗora miki bayan mudu ya cika, don gobe ki dawo. Ni ma da gyarata nake zuwa, alewa cike da jaka. Sai dai masu zaƙin baki nake bai wa, waɗanda kafin in rufe baki sun haddace aya sun miƙe suna zubowa. Su nake gani. Masu shiru kuwa ina ɗauka ba su da komai a kai. Kuma cikin masu shirun har da ke.

Kin tuna Kirsimetin da aka sa ki faɗi aya a gaban jama'a? Kin sha farar riga da safa mai leshi, kika fara daidai, sai kika tsaya. Ba mantawa kika yi ba, daga baya na gane, numfashi kike nema. Ni kuwa daga kujerata na ɗaga murya na ƙarasa miki ita har ƙarshe, da lambar sura da komai. Jama'a suka yi dariya, wata ta ce, "To Maman Rahila ta ci alewa." Ni ma na yi dariya. Ke kika sauko, ba ki ƙara hawa gaban mutane ba sai da kika shiga jami'a. Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, a sito na san wannan. Na san mai surutu da yaba kaya sau da yawa hannu wofi yake fita, wanda ya tsaya shiru yana jujjuya takalmi shi ne zai ɗauki katan. A sito ina jiran irinsa. 'Yata ce kawai ban jira ba. In yaro ya tsaya a tsakiyar magana, Rahila, ki haɗiye taki ki jira shi. Ke kin fi kowa sanin yadda wurin yake.

Yanzu ga babbar. Kin san labarin guntu-guntu, don ana ba da shi a gidan biki ana dariya, ni ma ina taya su. Yau ki ji shi ba dariya.

Akwai lokacin da muka buɗe zauren ranar Asabar don yaran unguwa, kowa da kowa, su yi zane, su sha lemo, a ba su labari. Cikinsu akwai wata 'yar mitsitsiya, Emili, gashinta kamar gemun masara. Uwarta yarinya ce ita ma, ita kaɗai take riƙon 'yar a gidan kansil, irin na hayar gwamnati, tana aiki a kanti. Wata Asabar aka watse, kowa ya zo ya ɗauki nasa, uwar Emili shiru. Ana ruwa, mai gadin zauren yana kaɗa makullai yana duba agogo. To a garinmu me ake yi? In uwa ta makara, ki ɗauki ɗan ki tafi da shi gida, ya ci, ya yi barci, in ta zo ta yi godiya. Ni kaina rabin tuwon da ya raine ni ba a gidanmu na ci shi ba. Sai na ce wa mai gadin, "In uwar ta zo ka ce tana wurin Asabe." Kamar duk Manchester an san Asabe. Shi kuwa ya gyaɗa kai, ya kulle ƙofa, ya tafi gidansa. Lambar wayar matar ba ni da ita, ban ma yi tunanin nema ba.

Muka hau bas muka zo gida. Yarinya ta ga baƙon wuri ta fara kuka. Na ba ta biskit ta ƙi, na kunna mata talabijin kusa da ke ta ƙi. Sai na yi abin da hannuna ya sani: na ɗauko zane, na sunkuya, na ɗora ta a baya na ɗaure. Kafin ruwan tuwo ya tafasa ta yi barci.

Ina cikin tuƙi aka buga ƙofa. Na buɗe da muciya a hannu. 'Yan sanda ne, mace da namiji, Fasto a bayansu ya rasa inda zai sa idonsa, ga uwar Emili a jiƙe sharkaf, fuska ta kumbura. Ni kuma ga 'yar mutane a bayana, kai ya langaɓe, farin gashi yana reto. Kin san abin da uwarki mai wayo ta ce? Na ce, "Sannunku da zuwa, ku shigo, abinci ya kusa."

'Yar sandan ta tambaye ni wa ya ba ni izinin ɗaukar yarinyar. Na ce izinin me, ruwa ake yi. Ta sake tambaya, na sake ba ta amsar, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne ba ya ji. Allah ya taimake ni da Malam Sani, wani ɗan Kano da ke karatun digirin ƙarshe, yana haya a saman bene da iyalinsa. Ya ji hayaniya ya sauko da silifas, ya yi musu bayani da irin Turancin da suke girmamawa, cewa a inda muka fito yaro na unguwa ne, wadda ta bar shi a ruwa ita ce mai laifi. Sannan ya juyo gare ni da Hausa, murya ƙasa-ƙasa: "Maman Rahila, don Allah ki ajiye muciyar nan."

Uwar ba ta zage ni ba. Da ta zaga da ya fi mini sauƙi, don na iya ramawa. Cewa kawai ta yi, "Na zagaye Hulme ina kiran sunanta. Har bakin ruwa na je." Ta miƙo hannu za ta kwance zanen, ba ta san ta inda ake kamawa ba. Na sunkuya na sassauta. Yarinya ta farka ta ƙanƙame kafaɗata, ta ƙi sakina, a gaban uwarta. Ban taɓa son ƙasa ta tsage in shige ba kamar lokacin.

Dattawa suka dakatar da ni daga aikin yara sai na je an koya mini ƙa'idodin ƙasar. Na cika gida da mita: na ciyar da 'yar mutane, na goya ta, an saka mini da 'yan sanda. Babanki ya bari na gaji, sannan ya ce, "Ki je ɗaukar Rahila a makaranta, ki tarar an kulle, a ce miki wata mata ta tafi da ita. Yaya sunan matar? Ba a sani ba." Ban ƙara mita ba. Na je na ba matar haƙuri a ƙofarta, ta saurare ni ta cikin sarƙar ƙofa.

Saboda haka in sun zaunar da ku a makon farko suna karanto muku dokoki, kada ki kaɗaita da yaro, ƙofa a buɗe, kada ki kai kowa gida, kada ki ɗauki hoto, ki bi su ko da kin ga kamar rashin yarda ne. Zuciyarki mai kyau ce, tawa ma ranar mai kyau ce. Uwar da ke tsaye a bakin kullallen zaure ba ta ganin zuciya. Kuma a Birmingham za ki samu yaran Musulmi da na wasu addinai suna zuwa don wasa da aikin makaranta. Ki gaya wa iyayensu tun farko abin da kuke koyarwa da irin addu'ar da kuke yi. Wanda ya yarda ya kawo, wanda bai yarda ba ku rabu da mutunci, gobe ki gaishe shi a hanya. Ban taɓa sayar da katan a rufe ba, kada ki fara da sunan Ubangiji. Ki tuna wanda ya sauko da silifas ya fitar da uwarki.

Bayan wata da watanni Emili ta dawo. Uwarta da kanta ta kawo ta, ta tsaya tana murza yatsu, ta ce yarinyar ta hana ta sakat, tana ɗauko tawul tana juya mata baya, ko zan koya mata ɗaurin. Na koya mata a tsakiyar zaure, matan zumunta suna ba da umarni ta kowane gefe. Daga nan kowace Asabar da gudu yarinyar take shigowa, "Anti Asabe, goyo." Ita ke nan Hausarta. Ina goya ta da yardar uwarta, ƙofa a buɗe, ina raba lemo tana barci. Har ƙafafunta suka fara taɓo mini gwiwa. Ke kanki kin yi kishi, kin taɓa ɓoye zanen a bayan firji.

Sai wata Asabar ba su zo ba. Ta gaba ma haka. Na je gidan na tarar an cire labule. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce sun tashi, tana jin Birmingham suka koma. Ba sallama, ba saƙo. Ban ga laifinsu ba, mutane suna tashi a ƙasar nan kamar tsuntsaye. Na je na ce wa dattawa bayana yana ciwo, a nemi wata. Kin tashi kina jin ciwon baya ne ya raba ni da makarantar Lahadi. Bayana ƙalau yake, har yau ina ɗaga katan.

To kin ji. Da kika durƙusa ranar Lahadi, ba aikin nake raina ba, ba kuma don ƙawayenki sun kama aikin ofis ba, ko da yake na faɗi hakan a kicin don in ji daɗin bakina. Gani na yi za ki je ki ɗora 'ya'yan mutane a zuciyarki, wata rana ki tarar an cire labule. Kuma a ce duk garuruwan ƙasar nan sai Birmingham. Kada ki nemi Emili, ta zama budurwa yanzu, wataƙila ko sunana ba ta tuna ba. Na dai faɗa miki ne.

Amma kwanakin nan da babanki ya bar ni da shiru, Mai Keke nake ta tunawa. Ranar da za ta koma ƙasarsu, gashi ya yi fari, duk ƙauye ya taru a gindin mangwaro. Tun da wata guda ta gaya mana za ta tafi, ta bi mu ɗaya-ɗaya. Ni fushi na yi, na ɗauki tiren citta na bi kakarki kasuwa, ina jin motar ta wuce ban ɗaga kai ba. Da yamma Lami ta kawo mini sabulu, cikakke, ba gutsure ba, ta ce an ce a ba Asabe. Matar nan ta san za ta bar mu tun ranar da ta zo, bai hana ta sunkuyawa ta kama hannunmu ba. Ni sau ɗaya aka bar ni na rufe rumfa. Ga shi yau jikar mai citta ce za ta tara yara a ƙasar Mai Keke ta ba su labari. Da tana da rai da ta yi dariya har ta faɗo daga keken.

In shekararki ta zo ƙarewa, ki gaya wa yaran da wuri. Kada ki sulale don gudun kuka. Ki bi su ɗaya-ɗaya, har da mai fushin da ya ƙi zuwa.

Sai 'yan ƙanana. Kada ki nuna musu duk abin da kika iya a makon farko, musamman girki, in ba haka ba a kicin za ki ƙare shekarar. Ki ci abin da aka ba ki, ki zuba yaji a ɓoye. Ki nemi likita ki yi rajista tun kina da lafiya. Ki kira babanki, ba zai ce yana jira ba, amma wayar a aljihun gaba yake sa ta yanzu.

A ƙasan jakar, ƙarƙashin rigunan sanyi, za ki ga wani tsohon zane mai ruwan ƙasa da ya koɗe a tsakiya. Shi ne wanda kika ɓoye a bayan firji. Da shi na goya ki, da shi na goya ta. Ki shimfiɗa a gado, ko ki yafa in sanyi ya yi yawa. Kada ki goya ɗan kowa sai uwarsa ta ce.

Ranar Lahadi kin durƙusa na ce ki tashi. Yau ba sai kin durƙusa ba, mota ba wurin. Ki zauna yadda kike, ki ɗan sunkuyar da kai, na kusa da ke zai ɗauka karatu kike yi. Ga hannuna a kanki. Na sa miki albarka, Rahila, da zuciya ɗaya, ban rage komai ba. Allah ya ba ki haƙurin da ni ban yi ba. Ya sa iyayen yaran su kwanta da hankali in sun bar su a hannunki. Ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki daga sharrin mutum da na hanya, ya dawo mana da ke lafiya. Ranar da kuma kika tarar an cire labule, ki kira ni, kada ki ce bayanki ke ciwo.

Ni ce uwarki,
Asabe